Kiɗan Kura

Kakata Saratu, wadda ta haifi Mama, ta baro Kafanchan ta zo Amurka a tsakiyar shekarun 1980 don ta kula da ni da ƙanena Dauda. Muna zaune a Alexandria, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan na yammacin gari. Mama nas ce, yawanci aikin yamma take yi. Baba kuwa karatun injiniya ya kawo shi ƙasar, karatun bai kai ƙarshe ba, ya koma tuƙin tasi a Washington.

Kaka ba ta yarda da hitar ɗumama ɗaki ba. Ta ce zafin da ba a ganin wutarsa ba ya ratsa ƙashi. Saboda haka da sanyi, in mun gama cin tuwo, sai ta kunna tandar kicin, ta buɗe murfinta, ta ja kujera ta zauna a gabanta. Mu kuma mu baje a kan tabarmar da ta zo da ita daga gida. Wutar gas ce shuɗiya, ba hayaƙi, ba ƙamshin itace, amma ita ce murhun tatsuniyarmu.

Kafin tatsuniya akwai talabijin. Maƙwabciyarmu Mariya, mutuniyar El Salvador, ita ta nuna wa Kaka tashar da ake wasan kwaikwayon nan mai dogon zango da Sifaniyanci, wanda take kira nobela. Kaka ba ta jin Sifaniyanci, Turancinta ma bai wuce gaisuwa ba, amma ba abin da ke wuce ta a wasan. Ta san wanda zai ci amana tun bai buɗe baki ba.

Na taɓa tambayarta yadda take ganewa. Ta ce, "Rifkatu, ba kya jin kiɗan ne? In yarinyar kirkin nan ta fito, sarewa suke busa mata. In wancan mai gashin bakin ya fito, sai a saki molo, kin san soyayya ta zo. Ita kuwa matar nan mai baƙin gyale, goge suke ja mata can ƙasa-ƙasa, kamar sa yana nishi."

Mun tsani mai baƙin gyale. Da zarar gogen ya fara, sai Dauda ya ɓoye fuska a zanen Kaka.

Wata rana da yamma, matar ta fito, gogen ya fara nishinsa, sai Kaka ta miƙa hannu ta murɗe sautin gaba ɗaya. Ɗakin ya yi tsit.

"To," in ji ta, "ku duba da kyau. Me take yi?"

Muka duba. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ita kaɗai a ɗaki, tana zuba shayi a kofi. Ta zauna ta zuba wa taga ido.

"Shayi take sha," na ce.

"Shayi take sha," in ji Kaka. "Tun da muka fara kallo, wa ta kashe?"

Muna cikin haka muka ji makulli a ƙofa. Baba ne. Ni da Dauda muka miƙe za mu shige ɗaki, kamar yadda muka saba.

Ba wanda ya taɓa ce mana mu riƙa gudu. Baba bai taɓa dukanmu ba. Gaskiya ne yakan sha giya wasu ranaku, yakan yi kwanaki bai ce wa kowa uffan ba, kuma sau ɗaya ya taɓa buga faranti da bango suna faɗa da Mama. Amma abin da muka fi sani shi ne, in Mama tana gida ta ji takunsa, sai ta ja tsaki ta ce, "Ga shi nan." In an tashi coci, matan zumunta sukan kewaye ta, su sassauta murya, su ce, "Allah ya ƙara miki haƙuri da mutumin nan." Da haka muka koya.

"Ku zauna," in ji Kaka. Muka zauna.

Baba ya shigo da dusar ƙanƙara a kafaɗar rigarsa. Ya rusuna wa Kaka. "Mama, barka da yamma. Yaya sanyi?"

"Lafiya lau, Baban Rifkatu. Yaya aiki?"

"Da godiya."

Ya tsaya yana kallonmu, kamar bai yi zaton samunmu a falo ba. Na ga kamar zai yi magana. Sai ya ɗauki kwanon tuwonsa ya shige ciki ya rufe ƙofa.

Kaka ta kashe talabijin, ta kunna tanda. Ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Muka ce ta iso.

Ta ce a wani gari an yi wani makaɗi da ya ba kowa takensa. Manomi da nasa, mahauci da nasa, har tsohuwa mai daddawa. In mutum ya shigo kasuwa, ganga ce ke sanar da shi kafin a gan shi. Akwai kuma wani take guda da ba na mutum ba, wanda ake kaɗawa in kura ta shigo gari, don mata su kwashe yara.

Rannan sai ga baƙo, mahaƙin rijiya, dogo, marar magana. Ya bi ta gaban makaɗi, makaɗi ya gaishe shi, bai amsa ba. Ya sake gaishe shi, bai ko waiwaya ba. Makaɗi ya ji haushi, ya gyara ganga ya kaɗa masa taken kura. Kasuwa ta fashe da dariya. Kasuwa ta gaba ya sake kaɗawa, aka sake dariya. A hankali dariyar ta ragu. Yara suka fara gudu in sun hango shi. Mata suka daina sayar masa da fura. In akuya ta ɓata, sai a dubi bukkarsa. Shi kuwa yana can yana haƙa, har ya cim ma ruwa, ruwa mai daɗi irin wanda garin bai taɓa sha ba.

Ana nan sai aka nemi wani yaro aka rasa. Aka duba gona, aka duba rafi, babu. Ba wanda ya ce a je wurin baƙo, ƙafafu ne kawai suka nufi can. Suka same shi a bakin rijiya yana gyara igiya. Suka tambaye shi ina yaron, ya dube su yana murmushi. Murmushin nan ya ƙara tunzura su. Suka rufe shi da jifa har ya faɗa rijiyar da ya haƙa. Washegari sai ga yaro a bayan jakin kawunsa, ashe binsa ya yi zuwa ƙauyen gaba.

Kaka ta murza gwiwa.

"Da suka shiga bukkarsa," in ji ta, "suka tarar da tsohuwar da ke yi masa shara. Ita ta gaya musu kurma ne. Bai ji gaisuwar makaɗi ba. Kiɗan ma da suka kashe shi a kansa, bai taɓa jin sa ba. Rijiya kuwa ba wanda ya iya shan ruwanta, suka cike ta da ƙasa. Nan ta tsaya, kan ɓera ya ƙone."

Dauda ya tambaya da Turanci, kamar kullum, me aka yi wa makaɗin. Na fassara mata.

"Me za a yi masa, mijina? Ai bai ɗauki dutse ba. Ranar kasuwa ya rataya gangarsa ya fito."

Ba ta ambaci Baba ba, ba ta kuma aibata 'yarta ba. Mu ma ba mu tambaya ba. Da bazara ta shigo, Baba ya kwashe kayansa ya koma Baltimore. Yakan kira a waya jefi-jefi, mu gaisa a taƙaice. Bayan shekara biyu Kaka ta koma gida, can ta rasu.

Na girma ban ga laifin Mama ba, har yau ma ban gani ba. Mace ce da gajiya ta yi wa yawa a ƙasar da ba ta da kowa, kuma abin da ta sha a hannunsa ita ta sani. Abin da na gane daga baya shi ne, ni ban taɓa sanin mahaifina da kaina ba. Kafin ya shigo ɗaki an riga an gaya mini yadda zan ji game da shi.

Ya rasu ina da aure, shi kaɗai a ɗakin haya. Mutane kaɗan ne suka zo jana'iza. Bayan an gama, wani dattijo direban tasi ya tare ni a wurin ajiye motoci, ya ce tare suka tashi da Baba.

"'Yata, Bitrus fa shi ne ke ba da waƙa a cocinmu," in ji shi. "In Kirsimeti ta zo, daga ƙauyuka ake takowa a ji shi."

Ya cire hula, ya rera mini baiti ɗaya da muryar tsufa, iska na kwashe rabinsa. Sannan ya dube ni da fara'a.

"Ai kin san wannan. Ba ya rera muku ita a gida?"

Na ce masa a'a. Shekarun da na yi gida ɗaya da mahaifina, ban taɓa jin ya yi waƙa ba, ban kuma san ya iya ba.