Rumfar da Ba a Kafa Ba

Shekarun baya, tun kafin yaƙi ya watsa mu, muna zaune a unguwar Hajj Yusuf ta Khartum, kuma duk layinmu an san mahaifina da hali ɗaya: inda jama'a suka karkata, shi sai ya nufi ɗaya gefen. Tela ne, yana ɗinka jallabiya a Kasuwar Umdurman. Abokan sana'arsa sun daɗe da dawo da kekunansu kusa da gida, shi kuwa kullum sai ya shiga mota ya tsallaka gada, don kawai an ce masa wahala ce. Da azumi kowa na shan abre, abin shan buɗa-baki na Sudan, shi sai kunun tsamiya. In ana kallon ƙwallo unguwa ta goyi bayan masu shuɗiyar riga, shi yana bayan masu ja, alhali bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. In ka gaji ka ce, "To Baba, gaskiyarka," sai ya ɗago kai ya ce, "A'a, tsaya tukuna. Kada ka yi saurin yarda."

Ni kuwa Allah ya yi ni akasinsa. Na gama jami'a a Khartum ban taɓa musu da kowa ba. Ko hanya aka tambaye ni sai na fara da "ina ga" in ƙare da "amma ka ƙara tambaya". Wata bakwai aka haife ni, shi ya sa mahaifina yake kira na Bakwaini, yana cewa sau ɗaya na taɓa yin gaggawa a duniya, kuma da alama ban ji daɗinta ba.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa ina zaune bakin gadonsa, sai ya ce, "Bakwaini, in na mutu kada a kafa siwan."

Siwan ita ce babbar rumfar da ake kafawa a titi ƙofar gidan mamaci, maza su zauna kwana uku ana fito musu da shayi da abinci daga cikin gida. Ban taɓa ganin mutuwar da aka yi ba ita ba. Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce, "Ka ji ko ba ka ji ba?" Na ce na ji. A raina na ce, halin ne, ko ciwo bai raba shi da shi ba.

Ranar ta huɗun, da safe, ya rasu. Yayana yana aiki a Saudiyya, ba halin ya iso, don haka ni ne namijin gidan, abin da bai taɓa faɗo mini a rai ba. Ana cikin yi masa wanka motar masu rumfa ta tsaya da turaku da kujeru, baffana, ƙanen mahaifina, yana nuna musu inda za su haƙa.

Na matsa kusa da shi. "Baffa, ina ga akwai wata magana. Wataƙila ba ta da muhimmanci."

"To in ba ta da muhimmanci bari sai an jima."

"Ya ce kada a kafa."

Baffa ya dube ni. "Wa ya ji?"

"Ni kaɗai."

"Ya waladi, ɗana, mahaifinka ko Aljanna aka ce a shiga sai ya tsaya ya duba ƙofar. Shekara sittin muna fama da a'arsa, yanzu ya huta mun huta. Danginmu na Jazira suna hanya, a kan ka za su zauna?"

Maƙwabta suka ɗan murmusa duk da ranar kuka ce. Na ce to, na shige gida. Gaskiya dabarata ita ce in ɓuya har a gama kafawa, in ce abin ya fi ƙarfina.

A tsakar gida mata sun jera manyan tukwane. Matar yayana, wadda cikinta ya tsufa, tana sunkuye gaban murhu tana hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido. Na wuce ɗakin mahaifiyata, na same ta zaune a tabarma. Na gaya mata wasiyyar, na ƙara da cewa ban sani ba ko da gaske yake ko gardamarsa ce ta ƙarshe.

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Ranar da kakanka ya rasu a Jazira ni ce surukar gida, ina ɗauke da cikinka. Kwana biyu ina tuƙa tuwon asida don mutanen rumfa. Rana ta biyu na faɗi gaban tukunya. Mahaifinka yana waje yana karɓar fatiha, ba wanda ya gaya masa sai da ka fito, ko kuka ba ka iya yi. Sai da muka yi arba'in kafin mu sa rai da kai. Tun ranar bai ƙara cin abincin makoki ba, kowa ya ce halinsa ne. Shi ma ya bar su a haka."

Ta leƙa ƙofa, wajen murhun da matar yayana take hura wuta. Ni ma na leƙa. Na ce, "Inna, to yaya zan yi?"

"Kai ya gaya wa, ba ni ba."

Na fita. Sun riga sun haƙa ramin farko. Na je na tsaya a kansa, da takalmina da komai, na ce, "A'a."

Baffa ya ce, "Me ka ce?"

"Ba za a kafa ba, Baffa. Ta'aziyya a maƙabarta da masallaci. A sauke tukwanen nan."

"Ka san abin da za a ce da mu?"

"Na sani."

"Ba mu dalili ɗaya."

Dalilin yana bakina. Amma maganar mahaifiyata ce, kuma in na faɗa kamar na ɗora laifi a kan makokin kakana ne, a gaban ɗansa. Mahaifina da ya riƙe maganar shekara ashirin da bakwai bai faɗa ba, ni ba zan zubar da ita a titi ba. Na ce, "Wasiyya ce." Limamin layinmu ya ce wasiyya dai wasiyya ce, amma... Ban bari ya ƙarasa amman ba, ni da nake rayuwa a cikin amma. Masu rumfa suka gaji da jira suka mayar da turakunsu mota. Wani a bayana ya ce, "Khalas, shi ke nan, an binne ɗaya, ga wani ya tsiro." Tun ba a ma binne shi ba.

Ba zan ce abin ya tafi lafiya lau ba. Dangin Jazira sun iso da la'asar ba inuwar da za su zauna, sai maƙwabta ne suka rarraba su gida-gida, suka kuma yi ta aiko mana da abinci. Wani tsoho ya ce mun binne mahaifinmu kamar baƙon da ba shi da kowa. Maganar nan har yau tana ci na. Baffa ya fi shekara ba ya amsa gaisuwata. Ranar da ya amsa, cewa ya yi, "Ni in na mutu a kafa biyu." Na ce, "In ka yi wasiyya, Baffa, ni zan riƙe turakun."

Ban ce duk a'ar mahaifina tana da dalili ba. Ta kunun tsamiya da ta ƙwallo, ina kyautata zaton rigima ce kawai. Amma da bai saba tsayawa shi kaɗai a kan ƙananan abubuwa ba, ban ga yadda zai yi tunanin babba ba, kuma da ni ban ga inda ake sa ƙafa ba. Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izinin mahaifiyata, ta ce in rubuta.

Har yanzu dangi in sun gan ni sai su ce ga magajin a'a. Da can nakan yi ta bayani. Yanzu amsawa nake. Matar yayana ta haihu bayan wata biyu, wata tara cif, namiji, aka sa masa sunan mahaifina. An ce kalmar da ya fara iyawa ba Mama ba ce.