Jifa Tamanin da Ɗaya

Ina idar da sallar asuba na rataya jakar aiki na fito daga unguwarmu University Heights da ke yankin Bronx a birnin New York, don motar ƙungiyarmu ba ta jiran kowa. Ga waɗanda ba su sani ba, aikina kula da jikin matasan 'yan wasan besbol ne a wata ƙaramar ƙungiya, irin wadda manyan ƙungiyoyi ke zuwa su tsinci na tsinta. Ina yi musu tausa, ina ɗaure musu gaɓoɓi, ina ɗora musu ƙanƙara. Kuma ni nake riƙe da ɗan ƙarfen da ake ƙirga jifa da shi, domin mai jifa yana da iyakar da ba ya wucewa a rana, in ana son hannunsa ya yi ƙarko.

Tafiyar awa uku ce zuwa wani ƙaramin gari a arewacin jihar. Awa ɗaya cur muka ɓata kafin mu bar Bronx, manyan motoci sun cika titi kamar an raba musu gadonsa. Da muka kuɓuta sai ga itatuwa da gonaki da shanu masu ƙiba, ba makiyayi ko ɗaya. Guzurin da aka ba yaran burodi ne da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ni da na tashi a Kano har yanzu mamaki nake yadda ake ba ƙato abin kunu a ce ya je ya yi gudu.

A wurin hutawa na hanya, inda suke sayar da kofi mai kama da ruwan wanke tukunya kusan dala biyar, na lura da mai jifanmu. Ɗan shekara goma sha tara ne, iyayensa mutanen Dominika, a unguwarmu yake. Bai daɗe da warkewa daga ciwon gwiwar hannu ba, likita ya yanke masa jifa saba'in. Badame ne, amma ranar da hagu ya ɗauki kofinsa, da hagu ya tura ƙofa. Na ja shi gefe na tambaye shi hannun. Ya waiga ya ga abokansa na kallonmu, ya yi dariya ya ce lafiya ƙalau.

A nan dole in tona wa kaina asiri. Tun da na kama aikin, duk wanda ya yi ƙara ina matsa masa tsoka sai in ce masa mai raki, yadda aka riƙa ce mana muna yara. Wasa nake yi. Su kuwa suka tambayi ma'anarta, suka haddace, ta zama abin tsokanarsu. Kalmar Hausa ɗaya tak da suka iya ke nan, har alfahari nake da hakan.

Garin tsaf yake, filin wasa a gefen kogi, tsofaffi sun zo da kujerunsu na naɗewa da jikokinsu. Ana gab da farawa labari ya zaga cewa wakilin wata babbar ƙungiya yana zaune a bayan raga, da na'urar auna gudun ƙwallo a hannu. Nan da nan kocinmu ya canja, har tafiyarsa ta canja.

Yaron ya yi jifa mai kyau, ba zan ɓoye ba. Amma daga na hamsin na ga kafaɗarsa tana sauka, yana yarfe hannu bayan kowane jifa. Da ƙarfen ya nuna saba'in na je na tsaya gaban koci na nuna masa. Ko kallon lambar bai yi ba. Ya ce ana kallon yaron, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, in raina bai kwanta ba in tambaye shi da kaina. Na tambaye shi, a gaban kowa, wanda shi ma wauta ce. Wani daga bayan benci ya rera kalmar nan a hankali, aka yi dariya. Yaron ya gyara hularsa ya koma fili.

A jifa na tamanin da ɗaya ƙwallon ta faɗi ƙasa tun kafin rabin hanya. Bai yi ihu ba. Ya durƙusa ya rungume hannun a ƙirji. Ina gudu zuwa gare shi na hango wakilin nan yana mayar da na'urarsa cikin jaka, a natse, kamar wanda ya gama cin abinci. Wallahi ban taɓa jin sha'awar shaƙe mutum irin ta lokacin ba, kuma ban san da wa zan fara ba, shi ko koci.

A asibitin garin suka ɗaure hannun, suka ce jijiya ce, sai an yi hoto a New York, mai yiwuwa aiki, mai yiwuwa shekara ba wasa. Koci ya dafa shi ya ce masa jarumi. Na fita waje don kada in faɗi abin da zai raba ni da aikina.

A hanyar dawowa motar tsit. Na zauna kusa da shi ina canja masa ƙanƙara. Mun fara hango dogayen benayen Bronx rana na shirin faɗuwa, sai ya juyo ya dube ni, idonsa jawur.

"Oga, ka gani dai, ban yi raki ba ko?"

Duk zagin da na tanadar wa koci tun daga asibiti sai ya dawo kaina. Koci ya so a gan shi, wakili ya zo cefane, amma ni na koya wa yaran nan jin kunyar ciwo, ina dariya.

Na raka shi har ƙofar gidansu, na yi wa mahaifiyarsa bayani a tsaye. Abin da tafiyar nan ta koya min bai da yawa. Mai ciwo a keɓe ake tambayarsa, kuma ba a karɓar amsar farko. Ranar Litinin na tara yaran na ce kada in ƙara jin kalmar nan a bakin kowa. Suka amsa da to, amma kujerar mai jifanmu babu kowa a kai.