Fulogin da Na Ɗaure a Shajara

Mun tashi da asuba daga Sawra, ni da maƙwabcina, wanda ya rantse sai ya ga ranar da za a yi wa usta jarrabawa. Usta, wato babban makanike, ni ke nan. Shekara talatin ina gyaran mota a bakin titin Omdurman, amma yanzu sababbin motoci wuce ni suke yi, sai an jona musu kwamfuta suke faɗin ciwonsu. Garejina ya koma wurin shan shayi. Shi ya sa na nufi wata makarantar koyon sana'a a Shajara, ko za su ɗauke ni ajin yamma in koyi gyaran zamani. In suka ƙi, rufe garejin zan yi.

Kuɗin bas ya sake hawa, kwandasta kuwa ko kunya babu. Da muka hau gada gari bai gama wayewa ba. Kogin ya kwanta shiru, wani mai kwalekwale yana jan taru a hankali kamar ba ya son tashin ruwan daga barci. Na jingina da taga ina jin injin bas ɗin, ina raya wa kaina gareji mai rufin kwano da siminti a ƙasa, har na ga ƙofarsa shuɗiya. Maƙwabcina dai minshari yake yi.

A Khartoum muka canja mota, muka bi kudu. Shajara tun daga nesa take ƙanshin baƙin mai da walda. Muka ci wake da man riɗi wurin wata mai shayi, ta ji Hausarmu ta ƙara mana albasa, ta ce iyayenta ma Hausawa ne, daga gonakin Jazira suka zo.

Makarantar fes take, kowace sifana da ƙusarta a bango. Malamin bai kai ɗana na fari shekaru ba. Ya tayar da wani inji, ya ce, “Baba, me ke damunsa?” Na ɗora bakin sukundireba a jikinsa, na kafa kunne a ƙotar, na ce fulogi na uku. Ɗalibai suka dubi juna. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Ya ba ni sabo, ya miƙo wata sifana mai ma'auni, wadda ke yin ƙas in ɗauri ya isa. Na ce ya bar ta, hannuna ya san ƙarfe. Na ɗaure, na ƙara ɗan nan da muke ƙarawa don samun natsuwa. Sai fulogin ya shiga juyawa a banza. Kan injin na alminiyom ne, na cinye haƙoran ramin.

Kunya ta rufe ni, na fara neman hulata. Malamin ya ce, “Baba, kunnenka ba ma koyar da shi a nan. Hannun ne za mu gyara. Ka zo ran Asabar, ajin farko.”

A dawowa ban ga kogi ba sam. Motocin da suka riƙa dawo mini nake ta tunawa, masu yoyon mai, masu sakakken noti, ina ce wa masu su laifin hanya ne, suna yarda saboda furfurata. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan, kuma ya yi mini zafi. Mun iso gida da la'asar, uwargida ta tambaya ko an dace. Na ce an dace, amma akwai wani direba a layinmu da zan fara zuwa ba shi haƙuri.