Luguden da Ya Tayar da Ƙafar Aina'u

Kaf Kunci babu gwanar lugude kamar Aina'u a zamaninta. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, tana hira. Da ciwon karkarwa ya kama ta, sai ƙafarta ta riƙa kafewa a bakin ƙofa. Likita ya ce wurin da ke sakin motsin da jiki ya saba yi da kansa can cikin ƙwaƙwalwa ne ya raunana, amma wani ɓangaren ƙwaƙwalwar yana iya motsa ƙafa idan ya bi sauti.

Ranar dakan sunan jikarta, mata suka ɓarke da lugude. Tim, tim! Aina'u ta bi bugun, taku bayan taku, har tsakar gida. Matan suka saki taɓare suna guɗa.

Ta harare su. "Wa ya ce ku tsaya? Ku daka mana, ban iso turmin ba!"