Katin Inna Kubura da tatsuniyar rana

Ni katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Kubura a nan Kusada, katangar ma ta gajarta tun ruwan bara, don haka kada wanda ya ce leƙe nike. Ido ne ke faɗawa da kanshi.

Daga Yashe aka kawo ta aure. Shekara talatin tana zana wa amare lalle, har Kankia ake zuwa ɗaukarta a babur. Da ido ya fara raguwa sai ta zana ma wata amarya fure ya fito kamar ƙadangare ya sha duka. Daga nan 'yan mata suka koma wajen masu kwafo zane daga waya, aka bar Inna da hannu yana ƙaiƙayi.

Sai ta koma kan kwalin sukari. Ta yayyanka shi daidai tafin hannu, kowane ta yi mashi zane da ragowar lalle: akuya, rijiya, takalmi ƙafa ɗaya, buta, saniya. Saniyar, in ba a gaya maka ba, sai ka aza mata kwanon abinci, don teburi ce sak. In yara sun taso makaranta sai su cika tsakar gidanta. Ta kife katin a faifai, kowa ya zari uku, dole ya haɗa su a labari guda. Wanda ya ce "shi ke nan" tun da wuri, Inna ta ce, "To takalmin fa? Ƙafar mai shi tana ina?" Haka za ta yi ta tsikarin yaro har ya kai takalmin Makka ya dawo da shi.

Cikinsu akwai Rauda, ɗiyar Mamuda ɗan acaɓa, shekararta bakwai. Yarinyar nan magana gare ta kamar ana cire mata haƙori. Wata biyu tana zarar kati tana miƙa ma na kusa da ita.

Kakarta Goggo Sa'a ce ta tada rigima. Ta tsaya bakin zaure ta ce, "Kubura, ke ba yarinya ba. Tatsuniya da rana tsaka? Tun muna 'yan mitsi-mitsi aka gaya mana mai yin ta ɓacewa yike a kasuwa."

Inna ta ce, "Yo Goggo, da dare ni ko hancina ba ni gani, balle kati."

"Na dai gaya maki. In jikata ta ɓata, ke za ki haifo mani wata."

Ranar kasuwa da ta biyo, bayan azahar, aka nemi Rauda aka rasa. Goggo ta ɗora hannu a kai tana zagaya unguwa tana faɗin ai ta faɗa, ina jin har ƙauyen Bauranya an ji ta. Murja uwar yarinyar ta leƙa rijiya uku. Mamuda ya sauke fasinja tsakiyar hanya ya juyo. Mata suka taru ƙofar Inna, kowace ta riƙe hannun ɗanta, ana cewa daga yau an gama wasan kwali. Na ga Inna zaune gefen turmi, tana juya katin nan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka ruɗewa ce. Can sai ta ɗago ta ce, "Mamuda, saniya ba ta nan. Tayar da babur, kai ni wurin masu nono."

Ashe ana gobe kasuwa saniyar ce ta faɗo ma Rauda. Yara suka ce labari ba ya tafiya sai an san sunanta, Inna ta ce sunan shanu sai Fulani.

Ni ma na bi su, don kada a kawo mani labari da gutsure. A ƙarshen kasuwa, gindin dalbejiya, ga Rauda zaune tsakiyar ƙoren nono, kati a hannu, matan Fulani biyar sun kewaye ta, masu saye na tsaye ba mai kula su. Bakinta na zuba kamar an fasa tulu. Wai saniyar ƙafafunta sun miƙe ne saboda ta daɗe tana jiran mai takalmi ɗaya a bakin rijiya. Wata dattijuwa cikinsu ta ce ma Mamuda, "Taka ce? Tun ɗazu muke so mu kai ta gida, amma ba ta kai ƙarshe ba."

Mamuda ya zauna a ƙasa, ga shi da ƙaton jiki, yana ta hamdala. Ya ce shi rabon da ya ji muryar ɗiyarshi ta yi tsawo haka tun kukan ranar suna.

Goggo Sa'a har gobe tana nan kan cewa yarinyar ta ɓata, kuma a kasuwa. Inna ta ce wanda ya san inda za shi bai ɓata ba. Da Goggo ta ga ba mai hana Rauda komawa, sai ta tuno cewa a zamaninsu in an ƙulle tsinken ciyawar jinka kafin a fara, ba abin da ke faruwa. Ɗakin Inna na kwano ne, don haka kullum Goggo ke zuwa da tsinkenta ta ƙulle, ta zauna wai gadi take. Shekaranjiya na ji ta ta katanga tana faɗa da Rauda kan wa zai riƙe katin buta.