Kawu, Kwale-kwalen Baba Ya Tsaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Mai rai Ya karɓi abinSa. Kawu ya faɗi a matakalar ofishinmu da jakarsa a kafaɗa, bai kai ga ƙofa ba. Likita ya ce zuciya ce. Mai gadin da ya tallafe shi ya ce bai yi magana ba, hannunsa kawai ya riƙe gam har ya saki. Ni kuwa ina sama ina jiransa, ina mita a raina wai ya makara. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu tattara.

Kawu, kai ba kawun kowa ba ne a cikinmu. Furfurar da ta riga shekarunka fitowa ce ta jawo maka sunan, ka karɓa da dariya, ka ce gara Kawu da Kaka. Mu uku ne a ɗakin nan mai taga ɗaya da fankar da ke kuka kamar an take ta: ni mai zane, Manaja mai nemo mana kasuwa, da kai mai haɗa 'yan wasa da juna ta intanet. Wasanmu guda ne, tseren kwale-kwale. Mutum zai buɗe shafi a burauza, manhajar shiga intanet, ba sai ya sauke komai ba. Mutum biyu ke shiga jirgi ɗaya, kowa na taɓa fuskar wayarsa don ya yi tuƙi. In hannunsu ya zo ɗaya jirgi ya miƙe, in ya saɓa sai ya yi ta juyi a tsakiyar ruwa.

Mutane da yawa ba su san dalilin da ya sa ka ƙirƙiro shi ba. Mahaifinka ne dalili. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Baba ya daina fita, ya daina hira, yatsa ɗaya ne na hannun dama ke yi masa biyayya sosai. Ƙaninsa kuma, Baffa, yana wata ƙasa mai nisa wurin 'ya'yansa, in sun yi waya gaisuwa ce kawai sai shiru. Ka ce mini, "Tsofaffin nan ba su da abin faɗa wa juna kuma. Bari in ba su abin yi tare." Shi ya sa wasan ba ya buƙatar abin da ya wuce yatsa ɗaya.

Na ga wahalar da ka sha kafin yatsun nan biyu su haɗu. Da farko ka sa kowace waya ta riƙa tambayar sabar, wato babbar na'urar da ke riƙe da wasan, ko akwai sabon labari. Ka gwada da Baba, jirgi ya yi ta rawa kamar mashayi. Ka ce wannan aiken ɗan aike ne mai tsayawa hira a hanya. Sai ka haɗa wayoyin kai tsaye, waya da waya, ba mai shiga tsakani. Ya yi sauri ƙwarai, muka yi murna har Manaja ya fara kiran abokan hulɗa. Ba a jima ba wasu wayoyin suka ƙi ganin juna sam, wasu masu wayo kuma suka koya wa nasu ƙarya, jirginsu ya riƙa isa gaɓa kafin a busa usur. Ka rushe aikin watanni ba tare da ka ɗaga murya ba. Ka buɗe layi wanda ba ya rufewa tsakanin kowace waya da sabar, ka mai da sabar alƙali, ita kaɗai ke faɗin inda kowane jirgi yake. Don kada mai wasa ya ji nauyin jira, ka sa filafilinsa ya motsa nan take a wayarsa, in hukuncin alƙali ya iso daga baya a daidaita a hankali yadda ido ba zai lura ba.

Ina tuna ranar da kuka yi sa-in-sa da Manaja. Ya kawo shawara a riƙa fitar da masu raunin sabis daga tsere, domin suna ɓata wa sauran wasa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, yana tsoron kada masu wayoyin zamani su gudu su bar mu. Ka saurare shi har ya gama, ka cire tabarau ka ce, "Ranka ya daɗe, in ka kori mai raunin sabis, ubana ka fara kora." Daga nan ka zauna ka koya wa sabar ta riƙa waiwayen baya, ta duba lokacin da mutum ya taɓa wayarsa, ba lokacin da saƙonsa ya iso ba. Manaja da kansa ya kai wa Baba sabon gwajin. Ya dawo yana ba mu labarin yadda tsohon ya yi dariya har da tari, yana zagin Baffa ta waya wai tun suna yara malalaci ne a tuƙi.

Haka kake da kowa. Direbobin manyan motoci da ke wasa a wurin hutu sun san ka, ma'aikatan jinya da ke taɓawa a lokacin cin abinci sun san ka, don duk wanda ya kawo kuka kai kake amsa masa da kanka. Ni kuma ka yi ta bina in zauna ka koya mini aikinka, ina ce maka zane ya ishe ni. Ka kan ce, "To, ɗan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ɗan abin da na tsinta a bakinka shi ne duk jarina yau.

Kawu, ga halin da ka bar mu. Kana tsakiyar gyara ka tafi. 'Yan wasa sun yi yawa, sabar ta fara gajiya, kana cikin raba su ɗaki-ɗaki don nauyin ya ragu. Rabin aikin na kan sabar, rabi na cikin kanka. Bayan mun dawo daga rufe ka da 'yan kwanaki abin ya fara lalacewa. Mutum biyu a jirgi ɗaya, kowa na ganin kogi daban: wannan ya ga sun ci, wancan ya ga sun kife. Saƙonnin koke suka yi ta shigowa, wasu har da sunanka, suna cewa a gaya wa Kawu ya duba. Manaja ya kira masana biyu. Na farko ya duba ya ce aikin mai kyau ne amma sai ya daɗe kafin ya gane kansa. Na biyu ya ce a rushe a sake sabo. Da me za mu sake, kuma wa zai jira mu?

Sai ranar Asabar da rana wayata ta yi ƙara. Lambar gidanku ce. Na ɗauka mai ɗakinka ce, ashe Baba ne, da muryar nan tasa mai jan kalma da ƙyar.

"Ɗana, kai ne mai zanen?"

"Ni ne, Baba."

"Jirgin ya tsaya. Ina taɓawa ba ya tafiya. Ƙanina yana can yana jira." Ya ja numfashi. "Ban da wanda zan gaya wa yanzu."

Na ce masa za a gyara. Wallahi ban san da wane baki na faɗa ba. Na ajiye waya na zauna a kujerarka, na buɗe aikinka, layi bisa layi kamar tururuwa, na kasa gane inda ka tsaya. Na kira sunanka a fili, Manaja ya tashi ya fita don kada in ga fuskarsa. Na taɓa wani wuri, wasan ya mutu gaba ɗaya. Na mayar, ya dawo da ciwonsa. Har la'asar ta yi ina abu ɗaya, gumi na zuba a kan madannai, ina roƙon Allah Ya tuna mini ko da jimla ɗaya daga abin da ka sha faɗa ina jin ka da rabin kunne.

Abin da muka iya a ƙarshe ba gyara ba ne. Mun cire sabon aikinka duka, mun koma kan tsohon tsari, muka taƙaita yawan masu shiga a lokaci guda. Yawancin 'yan wasanmu yanzu in sun buɗe shafin sai su tarar an cika, da dama sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Manaja ya amince da haka yana sane da abin da zai jawo mana. Na je gidanku na zauna a bakin gadon Baba, na riƙe masa wayar. Baffa ya shigo daga can. Jirgin ya motsa, yana ɗan tsalle, yana ɗan tsayawa, amma ya motsa. Baba bai yi dariya ba. Ya yi ta taɓawa da yatsansa, hawaye na gangarowa ta gefen da ba ya ji, mai ɗakinka na share masa da bakin mayafinta. Suka zo na ƙarshe a tseren. Baba ya ce a sake.

Ban san ko za mu kai ƙarshen shekara ba, Kawu. Kullum da safe nakan buɗe shafin da faɗuwar gaba, in ga ko yana numfashi. Na fara koyon aikinka daga tushe, da furfurata da ke shirin fitowa, kuma kaina ba irin naka ba ne. In akwai wanda ya san wannan fanni cikin masu karanta wannan, ƙofarmu a buɗe take, ba na jin kunyar roƙo.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka sanya jinƙan da ya yi wa mahaifinsa ya zama inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai taKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba da Baffa, ga mai ɗakinsa da ta riƙe gida da jinya ba tare da ƙorafi ba, ga 'ya'yansa mata da ke tambayata ko babansu ya sha wahala. Bai sha ba, 'ya'yana, mai gadi ya rantse mini. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.