Rafiu Mai Jera Takalma

Fadilatu mai koko a Zongon Yendi mace ce mai baki, kuma ba ta ɓoye shi. A Bawku aka haife ta. Da aure ya kawo ta Yendi, ta taho da ƙanenta Rafiu, don ta gaya wa mijin tun farko: ko su biyu, ko a fasa.

Rafiu ya haura talatin. Ba ya kallon mutum a ido, maganarsa ba ta da yawa, ƙarar babur kan sa ya toshe kunnuwa. Abu ɗaya ke kwantar masa da rai: jera takalma a ƙofar masallacin unguwa, kowace ƙafa da 'yar'uwarta. Ran da bai jera ba, ba ya cin abinci. Mutane suka ce aljanu gare shi, suna shakkarsa, wasu har sadaka suke ba shi.

Zancen aljanun nan ya daɗe yana ƙona ran Fadilatu. Sai wata likita a Tamale ta ce mata sunan abin otizim. Ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa ta zo tun haihuwa, kuma ba a ɗauka. Fadilatu ta dawo da murna, duk wanda ya sayi koko sai ya tafi da bayanin.

Kai, Allah wadaran bakin mutane! Nan da nan kalmar ta zama zagi. Yarinya ta zubar da miya, otizim. Direba ya faɗa rami, otizim. Shakka ta tafi, raini ya zo. Alhaji Issahaku, mai kula da masallacin, ya ce tunda ciwon asibiti ne, kada Rafiu ya sake taɓa takalmin kowa.

"Baba, ba a ɗauka fa!" in ji Fadilatu.

"'Yata, ke likita ce?"

Rafiu ya koma tsayawa a tsallaken kwata, yana kallon takalma a hargitse. Tuwonsa yana dawowa yadda aka kai. Ya rame har wuyansa ya fito.

Fadilatu ta je ta durƙusa gaban Alhaji, zuciyarta na tafasa.

"Baba, likitar ce ta yi kuskure. Aljanu ne."

"Ai na sani," in ji Alhaji. "A bar shi ya jera, kada mu fusata su."

Da la'asar Rafiu ya jera takalman masallata, ya dawo ya cinye tuwo har da suɗe kwano. Fadilatu na zaune gefensa, ta kasa haɗiye ko loma ɗaya.